Motar da Ta Dawo Ramin Baba Sau Uku

Babana gajere ne, kuma ko a gabansa aka faɗa ba ya jin haushi. Ya ce gajartar ce ta zaɓa masa sana'a, domin a duk layin kanikawa shi kaɗai ke iya tsayuwa cak a cikin rami, mota na bisa kansa, ba tare da ya sunkuya ba. Shekara talatin da huɗu yana aikin salansa. Ba ya gyaran birki, ba ya taɓa giya, ko ruwan lagireto ka ce ya duba maka sai ya nuna maka gaba. Abin da ya sani shi ne bututun hayaƙi, daga inda ya baro inji har wutsiyar mota, a nan kuwa wallahi ban ga na biyunsa ba.

Ni ce autarsa. Tuƙi nake koyarwa, ɗalibai sun riga sun cinye ɗan haƙurin da nake da shi, don haka in kuka ji ina ɗaga murya a labarin nan ku yi mini uzuri.

A jikin bututun salansa, kusa da inji, akwai wani guntu da bai fi taƙi ɗaya ba, an lulluɓe shi da saƙaƙƙiyar waya. Masu sayar da kayan mota suna ce masa fileksibul, Baba kuwa raga yake ce masa, mu ma a gida haka muka taso muna faɗa. Aikinta shi ne ta shanye rawar inji don kada bututun ya karye. In ta tsufa sai wayar ta tsittsinke, cikin ya tsage, mota ta kama ƙugi, hayaƙi ya riƙa shigowa yana sa mutum ciwon kai. Canza ragar nan ne ya fitar da sunan Baba. Duk motar da ya sa wa sabuwar raga, sai dai mai ita ya sayar da ita ko ta tsufa ta mutu, amma ba za ka sake ganinta a kan raminsa da wannan matsalar ba. Direbobi suka laƙaba masa Ba-ta-dawowa. In aka kira shi haka sai ya ɗaure fuska ya ce surutu ne, amma ni na sha kama shi yana murmushi a bayan gilashin walda.

Ba a ba da labarin Baba a tsallake Baffa Dogo. Ba ɗan'uwanmu ba ne na jini, amma tun da na buɗe ido nake ganinsa. Garejin nasu fili ɗaya ne, ƙofa ɗaya: rumfar Baffa a bakin ƙofa, ramin Baba can ciki jikin katanga. Shi bakaniken inji ne, tsawonsa kuwa sai ya rusuna yake shiga rumfarsa. Tun suna samari suka raba mota biyu. Abin da ke ƙarƙashin bonet na Dogo ne, abin da ke ƙasan mota na Gajere, kuma suka riƙe rabon nan kai ka ce alƙali ne ya yanke. Baffa bai taɓa sauka ramin ba, Baba bai taɓa ɗaga bonet ɗin motar kowa ba.

Abu ɗaya ne ya haɗa aikinsu. Hawa da mota kan rami yana son gwani, taya ta kuskure kaɗan sai ta zurma, saboda haka duk motar da ta zo wurin Baba, Baffa ke karɓar makulli a ƙofa ya shigo da ita. Wani lokaci nan take, wani lokaci kuma sai ya tsare ta a rumfarsa awa ɗaya ko biyu, wai ya ga wani abu. Baba ya riƙa leƙowa daga rami yana masifa.

"Dogo, sakar mini mota! Kai ko kaza ce ta gitta ta rumfar nan sai ka ce injinta na da matsala!"

"Yi haƙuri, ɗan ƙasa," in ji Baffa, "manya na aiki a sama."

Haka suke daga safe har yamma, mu muna gefe muna ta dariya.

Wata bakwai kafin abin da zan ba ku labari, Baffa ya faɗi a rumfarsa da sifana a hannu. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ma sai da ƙyar. Aka bai wa wani mai facin taya rumfar. Baba ya je duba shi asibiti sau biyu, ya je gidansa sau ɗaya, daga nan bai ƙara ba. In na ce mu je sai ya ce aiki ya yi masa yawa. Ba aiki ba ne, ni na san ubana. Ba zai iya kallon mutumin nan a kujera ana goge masa baki ba. Motoci kuma masu su suka koma hawa da su ramin da kansu, Baba na gaba yana nuna musu da hannu.

Ana nan sai ga Mai Ƙwai. Wata mata ce mai ɗauko ƙwai daga gonar kaji a bayan gari tana rarraba wa shaguna, a cikin wata tsohuwar farar mota da aka cire wa kujerar baya. Bakinta kuwa, tabɗi! Ni da ake cewa ina da baki, in ta fara shiru nake yi. Ta zo motar na ƙugi, Baba ya sa mata sabuwar raga, ta tafi tana sa albarka.

Mako uku cif sai ga ta ta dawo. Tun daga kwanar layin ake jin ƙugin. Kanikawa suka aje aiki suka fito kallo.

"Baba Mai Salansa," ta ce tun kafin ta rufe ƙofa, "an ce mini ba ta dawowa. To ga ta, ta yi kewarka."

Baba ya duba ya ce jabun kaya aka sayar masa. Ya shiga kasuwa da ƙafarsa, ya zaɓo wadda ta fi kowace kauri, ya sa. Kwana goma sha takwas ta dawo. A wannan karon babu wanda ya yi dariya. Baba ya yi wuni guda a kan aikin da yake gamawa cikin awa ɗaya, ya auna, ya sake aunawa, ya goge tabarau ya kuma aunawa. Da ya fito daga rami, a gaban kowa, ya ce, "In motar nan ta sake dawowa, to ni ne na ƙare. Ranar zan naɗe wayar walda in koma gida."

Ta dawo ranar kwana na goma sha shida.

Ina wurin. Ya yanko ragar ya fito da ita rana, yana jujjuya ta a hannu. Waldarsa na nan daram ta kowane ɓangare, ko ɗigo bai saki ba. Wayar ce ta yage a tsakiya, ta gefe ɗaya.

"Kin gani, Auta? Raga ba ta yagewa haka sai in an ɗaura ta a karkace. Idona ne. Ina ganin abu a miƙe, ashe a karkace yake."

Ya ɗan ɗaura ta yadda za ta kai matar wani gareji, ya ce ta je ta nemi mai ido. Ta ce ba inda za ta, ta aje masa makulli a kan benci ta yi tafiyarta. Ni kuwa na koma mota na yi kukana, domin na san mutumin nan in aka raba shi da rami, wata shida ba zai yi da lafiyarsa ba. Ba ya da wata hira, ba ya da wurin zuwa, ko hutun kwana biyu ya yi sai ya hana kowa sakat a gida.

Yayana, babban ɗan Baba, ma'aikacin ofis ne, shi murna ya yi. Ya daɗe yana cewa walda za ta makantar da Baba, kuma ban ce ba ya da gaskiyarsa ba, amma saurin da ya yi ya ba ni haushi. Kwana biyu kacal ya samo wani mai ƙera ƙofofi da zai ɗauki injin waldar. Aka sa ranar Alhamis da ƙarfe sha biyun rana.

Ranar Alhamis ɗin na sallami ɗalibar ƙarfe goma, na ɗauki motar makaranta na nufi gidan Baffa Dogo. Ba wata dabara na je nema ba. So nake ya kira Baba a waya ya zage shi irin yadda suka saba, ko zai ji. Na same shi a baranda, an jingina shi da filo, ya rame har dogayen ƙafafun nan sun zama abin tausayi. Na durƙusa na gaishe shi, na zayyana masa komai, ina yi ina share hanci.

Ya daɗe yana haɗa kalmomi a bakinsa. Sannan ya ce, "Wa ke... shigar masa... da mota?"

"Masu ita, Baffa."

"Wa ke girgiza... injin?"

"Wane irin girgiza kuma?"

Ya zuba mini ido. Sai na ga ɓarin bakinsa mai lafiya ya fara rawa, na ɗauka ciwon ne ya motsa, har na miƙe zan kira matarsa. Ashe dariya ce! Ya riƙa dukan hannun kujera da hagunsa, hawaye na zuba.

"Gajere... sakarai," ya ce. "Inji a kan roba yake zaune. In robar ta mutu... ba rawa yake ba, tsalle yake. Ko ragar zinariya ce... sai ta yage."

Ya yi mini bayani a hankali, kalma na fita ɗaya-ɗaya, ni kuwa kamar in ciro su da hannu. A ja birkin hannu, a sa giya ta ɗaya, a riƙa sakin kuloc kamar za a tashi. In robar mazaunin inji ta mutu, za a ji injin ya daka tsalle. Ya ce duk motar da ya taɓa karɓa a ƙofar nan sai ya yi mata haka kafin ya kai ta rami. In ya ji tsallen, sai ya tsare ta ya canza robar tukuna.

"Kowace mota, Baffa?"

"Kowace. Ƙarfe nawa?"

"Sha ɗaya da rabi ta wuce."

"To me kike... jira? Tashi!"

Jama'a, ni da nake wuni ina ce wa mutane a hankali, a hankali, ranar na manta da duk abin da nake koyarwa. Mota mai allon koyo gaba da baya, ga ta tana wuce manyan motoci ana leƙowa ana kallona. Wani direba ya zuro kai ya ce, "Wa ya bar ɗaliba ita kaɗai?" Na ce, "Malamar ce, matsa!" Na kira Yaya sau huɗu bai ɗauka ba. Bakina ya ƙi rufuwa, dariya nake ni kaɗai kamar wadda ta zare.

Na iso na tarar da motar ɗaukar kaya a ƙofar gareji, mutum biyu sun cicciɓi injin waldar, Yaya na ba da umarni. Baba na zaune a benci da fararen kaya, abin da ban taɓa gani a jikinsa a wurin nan ba. Mai Ƙwai ma ta zo, tana tsaye ta harɗe hannu.

"Ku aje!" na ƙwalla tun daga cikin mota. "Ku aje shi, na ce!"

"Ke Auta, lafiyarki?" in ji Yaya.

"Ƙalau. Yaya, minti biyar na roƙa. Baba, makullin motar Mai Ƙwai!"

Na ja makamar bonet ɗin motarta na ɗaga shi. Baba ya ce, "Auta, wannan ba hurumina ba ne."

"Na sani, Baba. Ba taɓawa za ka yi ba. Zo ka tsaya nan gefe, ka kalla kawai, don Allah."

Ya taso ba don ransa ya so ba. Ya tsaya a gefen injin, hannuwa a baya, kamar baƙon da aka shigar ɗakin da ba nasa ba. Na shiga na tayar, na ja birkin hannu har ƙarshe, na sa giya, na fara sakin kuloc.

Gwaf!

Injin ya ɗago ya kai yatsa huɗu, ya koma ya zauna. Mai facin taya ya ce, "Kai!" Masu ɗaukar kaya suka dire injin walda suka matso. Na sake, ya kuma ɗagowa. Na sa giyar baya, ya wulla ɗaya gefen. Mai Ƙwai ta dafe ƙirji ta ce, "Ashe shi ya sa ƙwaina ke fashewa in na tashi a danja! Ni da nake ta zagin masu kiret!"

Baba ya matso kusa. Ya kalli injin, ya kalli ƙasa. Sai kawai ya ce, "Hau da ita rami."

Na hau da ita. Ya sauka da fararen kayan nan, ko hannun riga bai naɗe ba. "Sake!" Na sake. "Ƙara!" Na ƙara. Daga baya ya gaya mini abin da ya gani: duk tsallen da injin ya yi, sai ya finciki ragar ya murɗe ta, daidai gefen da take yagewa. Sai muka ji murya daga ƙarƙashin mota, irin wadda ban ji ba tun ina ƙarama.

"Ba idona ba ne! Kun ji ko? Ba hannuna ba ne! A miƙe na ɗaura ta!"

Layin ya kaure da ihu. Ni na kashe mota na fito ina tsalle, uwar 'ya'ya uku, ko kunya babu. Yaya ya leƙa ramin ya ce, "Baba, amma ai ka yi magana a gaban mutane."

"Na ce in ta dawo ni ne na ƙare. To ka ga na ƙare?"

"Motata ce," in ji Mai Ƙwai, "kuma shi zai yi mini. Ɗan nan, ka mayar masa da injinsa kafin in buɗe maka baki."

Yaya ya kalle ta, ya kalle ni, ya ga babu sarari. Ya je ya bai wa mai ƙera ƙofofi haƙuri, mutumin ya tafi yana gunaguni. Aka kira wani bakanike daga layin ya ciro robobin mazaunin. Ɗaya ta tsage, ɗayar kuwa gida biyu ta fito a hannunsa. Ya sa sababbi, na sake gwadawa, injin ya ɗan motsa kawai ya tsaya.

Sannan Baba ya karɓi motar. Ban taɓa kallon aikinsa da irin wannan daɗin ba. Ya yanke tsohuwar ragar, ya goge bakin bututun biyu har suna ƙyalli. Ya gwada sabuwar a gurbin, tsawo ɗaya, faɗi ɗaya, domin raga ba a jan ta kuma ba a matse ta, yadda take a kwance haka za ta zauna. Ya ɗiga walda wuri huɗu, ya ja da baya ya duba, sannan ya zagaye ta a hankali ba tsayawa. Wa ke riƙe masa fitila? Yaya, da rigar ofis, yana kawar da fuska yana cewa, "Nan, Baba? Ko in matso?" Aka tayar da mota, Baba ya sa aka toshe wutsiyar salansa da tsumma, ya bi waldar da bayan hannunsa yana neman inda iska ke fita. Babu. Mai Ƙwai ta ja motarta ta fita, ba ka jin komai sai taya a kan tsakuwa. Kada in bar ku da zulumi: yau wata biyar ke nan, ragar na nan lafiya lau.

Kanikawa suka yi ta zuwa suna ba shi hannu. Ni na lura shi ya yi sanyi. Ya zauna a bakin rami, fararen kayan sun koma baƙi, ya kira ni.

"Wa ya gaya miki?"

"Baffa."

"Ya ce tun yaushe yake yi?"

"Tun farko, Baba. Kowace mota. Waɗanda ka ga yana tsarewa a rumfa, dalilin ke nan."

Baba ya kalli tsofaffin robobin da aka ciro. Sai ya miƙa hannu ya ɗauki robar nan da ta rabu biyu, ya ƙunshe ta a tsumma. Ya ce, "Kai ni."

Rana ba ta faɗi ba muka isa. Baffa na inda na bar shi. Baba ya tsaya a bakin baranda ya kasa ƙarasawa. Baffa ne ya fara magana.

"Ɗan ƙasa... ka ɓata hanya ne?"

Baba ya ƙarasa, ya kwance tsumman ya ɗora masa robar a cinya. Baffa ya juya ta da hagu, ya yi tsaki irin na masu sana'a.

"Shekara talatin da huɗu, Dogo," in ji Baba. "Ina zaginka kana tsare mini motoci. Ana yabona ina amsawa. Ko sau ɗaya ba ka ce mini ga abin da kake yi ba."

"Na ɗauka... ka sani."

Wallahi sai da na juya baya. Da na waiwayo, Baba ya zauna a ƙasa kusa da ƙafar kujerar, ya sa gefen hannun rigarsa mai baƙin mai yana goge wa Baffa gefen baki, ya bar masa tabo a kumatu. Babu wanda ya kula a cikinsu.

"To gaya mini," ya ce. "Sauran me kake yi a ƙofar nan da ban sani ba?"

Baffa ya ɗaga hannunsa mai lafiya, ya kalli yatsun biyar, ya girgiza kai.

"Ba za su... isa ba."

Baba ya gyara zama, ya cire takalmi ya aje gefe. Bai ko kalle ni ba ya ce, "Auta, je ki gida wurin yaranki. Ki ce wa uwarki kada ta jira ni da abinci."